Kayan Gadon Injiniya Ishaku

"Sassaƙa? Haba Baba! Ai ni da gizago anka yanke man cibiya!"

Kada ka yi dariya tukuna, abokina, adana ta, akwai inda za ka buƙace ta a gaba. Mai wannan magana sunansa Ishaku, mutumin Bakura, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka ko ɗan tsako ba. Sana'arsa cajin waya. Yana da 'yar rumfa a bakin tasha, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, da wayoyin wuta a cakuɗe kamar taliyar da aka manta a tukunya. Aikinsa tun safe har yamma shi ne ya soka waya, ya zare waya. Amma in ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama ya ba Turawa aro.

Inda ya saki wannan magana kuwa, ƙofar gidan Baba Sambo ce a Faru, can ƙasar Maradun. Baba Sambo tsohon masassaƙi ne. Duk turmin da ka ji yana amsa taɓarya a yankin nan, in ba shi ya sassaƙa shi ba, to ubansa ne. Yana da 'ya mai suna Taiba, bazawara, mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, tana tuyar masa tana kaiwa kasuwar Talatar Mafara. A can Ishaku ya gan ta. Ya ci masa, masar ta wuce ciki, mai masar ta tsaya masa a zuciya.

Taiba ba ta ƙi shi ba. Ta ce yana ba ta dariya, ita kuwa ta daɗe ba ta yi ba. Amma ta ce magana tana hannun Baba. Shi ya sa ran wata Asabar Ishaku ya sha wanka, ya hau kabu-kabu, ya je gaisuwa.

Aka yi gaisuwa irin tamu, wadda sai an tambayi gida, da gajiya, da ruwa, da bisashe, da hanya, a sake komawa kan gida, har gwiwar mai durƙuso ta fara neman gafara. Da aka gama, tsoho ya dube shi.

"Yaro, wace sana'a kaka yi?"

"Injiniya nike, Baba. Harkar wuta da na'ura."

"Kai ka ƙera su?"

"A'a, caji nika yi masu."

"To. Wato kai ka ba wayoyin mutane abinci."

Baba Sambo ya kamo hannun Ishaku ya juya tafin, ya gan shi sumul kamar cikin sabuwar ƙwarya. Ya mayar masa da abinsa a hankali.

"Ni hwa ɗiyata," in ji tsoho, "ba ni ba da ta ga wanda in janareta ya mutu shi ma ya mutu. Mijinta na hwarko, Allah shi jiƙan shi, in ka ba shi kututture da sahe, da marece shi miƙo maka kujera. Kai ko sassaƙar ƙotar kalmen noma ba ka iya ba, halan?"

A nan ne bakin Ishaku ya tashi a guje ba tare da ya yi sallama da ƙwaƙwalwarsa ba. Ya saki maganar gizago da cibiya. Da ya ga tsoho ya ɗaga gira, sai ya ƙara wuta.

"Kakana ai Sarkin Sassaƙa na! Turminai har Sakkwato aka zuwa saye. Kayan aikinai dut suna nan gida, ni na gaje su. Gatari, da gizago, da... da wancan ɗin."

"Kurfi?"

"Shi! Shi hwa, Baba!"

Fuskar tsoho ta washe kamar an ce masa an yi ruwa a gonarsa kaɗai. "Kayan mutanen da! Kai, rabon da in riƙa irinsu in ba nawa ba, har na manta. To shi ke nan. Juma'a ta sama ka zaka da su. Ga gungumen ƙirya can, don turmin Taiba ni aje shi. Ban ce ka gama ba, buɗe mai baki kawai in gani. In ka buɗe, turo magabatanka."

Da Ishaku ya tashi tafiya, Taiba ta tare shi a bakin zaure da kwanon ruwa.

"Injiniya, wanga kaka naka ban taɓa jin labarinai ba."

"Ba shi son a riƙa yaɗa shi."

"Yana da rai?"

"Ya rasu. Shi ya sa."

Ta ƙunshe dariya da bakin mayafi. "Ni dai ina hwaɗa maka, Baba ko idonai ruhe yana gane icce da ƙamshi. In da gyara ga maganarka, koma yanzu ka gyara, bai tashi ba."

"Gyara? Ke dai tanadi taɓarya."

To bari in gaya maka gaskiya tsakanina da kai. Kakan Ishaku dillalin jakuna ne. Abin da ya bari gado shi ne igiya guda da wata tsohuwar akumari. Shi kuwa Injiniya, itace ɗaya da ya taɓa sassaƙawa a duniya shi ne asuwaki, shi ma da haƙori.

Amma bai damu ba. Cikin wayoyin da ake kawo masa caji ya taɓa leƙa wata, ya ga bidiyon wani Bature da ya tsinto ruɓaɓɓen gatari a juji, ya jiƙa, ya goge, ya wasa, cikin minti biyar abu ya koma sabo fil yana ɗaukar ido. Minti biyar! Shi kuwa yana da kusan mako biyu. Har tausayin Baturen ya ji.

Ran Talata ya dira kasuwar Talatar Mafara, ya wuce masu hatsi, ya wuce 'yan tumaki, ya bi ta bayan rumfunan masu masa a duƙe kada Taiba ta hango shi, ya faɗa lungun masu tsofaffin ƙarafa. Nan ne ake jibge duk abin da duniya ta gama da shi: sarƙar keke, murfin tukunya, ƙafar keken ɗinki, bakin garma, kwaɗon da makullinsa ya ɓata tun zamanin soja. Wani dattijo mai jan gemu yana zaune a tsakiya kamar shi ma na sayarwa ne.

Ishaku ya tsuguna irin na masana, ya ɗaga wani ƙarfe, ya kanne ido ɗaya.

"Wanga kurfi ba shi da laihi."

"Wagga fedar keke ta," in ji dattijo.

"Na sani. Gwada ka nika yi."

"To na ci?"

Dattijo bai jira amsa ba, ya zura hannu can ƙarƙashin tulin ya jawo wani tsohon buhu, ya zazzage. Kawuna uku suka faɗo, babu ƙota ko ɗaya, tsatsa ta lulluɓe su ja wur kamar an tsoma su a miyar tattasai. Ya nuna su ɗaya-ɗaya, don ya lura in bai nuna ba za a kwana a nan. Ga gatari na sara. Ga gizago, mai baki a kwance na fere itace. Ga kurfi, dogo, mai lanƙwasasshen baki, na rarake cikin turmi.

"Daga gidan wani tsohon masassaƙi na wajen Gidan Goga sunka hito. Ya rasu, ɗiyanai sun taso sun dawo gari, sunka sai da kaya. Ƙarhen da na, yaro. A wasa su, a sa masu ƙota, shi ke nan. Kak ka yi masu wani abu bayan wannan."

Ishaku ya juya gizago, ya juya kurfi, ya taɓe baki. "Amma dut sun karkace."

"Haka anka haihe su."

Injiniya ya yi murmushin wanda ya san ana son a yi masa wayon 'yan kasuwa. Aka yi ciniki, ya saɓa buhu, ya nufi Bakura yana tafe yana fito.

A Bakura, Ishaku yana zaune ne a shagon ƙofar gidan yayarsa, Yaya Umma, mai kunun sayarwa, mace mai haƙuri amma mai murya. Ya sha ganin ta tana goge tasoshi da ruwan tsamiya suna haske. Sai ya faki idonta ya kwashe tsamiyar kunun kaf, ya jiƙa a babbar tukunyarta, ya nutsar da ƙarafan, ya rufe da faifai.

Da safe gida ya ɗauka.

"Ishaku! Uban mi kaka dahwawa cikin tukunyar kununa?"

"Kimiyya ta, Yaya."

"Kimiyyar ta cinye man tsamiya? Yau da mi zan dama kunu, da gumin goshinka?"

"Yaya, haƙuri. In aure ya yiwu ke ta uwar biki."

"Allah shi sa ba uwar makoki ba."

To ka san abin da ya fi komai muni a labarin nan? Dabarar ta yi aiki. Wallahi ta yi. Bayan kwana biyu ya tsamo su, ya dirje da soso da toka, tsatsa ta zube, baƙin ƙarfe mai kyau ya fito. Da ma abin bai yi ba, da ya ji tsoro ya nemi na gaba da shi. Amma wawa in ya yi sa'a sau ɗaya, to sai dai a yi wa unguwa addu'a. Kan Ishaku ya kumbura har hularsa ta fara matse shi.

Ya kwashi kaya ya nufi maƙerar Kamilu, abokinsa tun suna yara. Kamilu ya ajiye masaɓa, ya goge hannu a gaban riga, ya ɗauki kurfi ya rataya a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa. Ƙarfe ya ce ƙararrau, ya daɗe bai yi shiru ba.

"Kai! Ji kukan ƙarhe! Ina ka samo waɗanga, Na-Caji?"

"Injiniya dai."

"Na-Caji, bar su nan. In wasa maka su, in sa masu ƙotar busasshen marke, jibi ka zaka ka ɗauka. Ko sisi ba ni so, daɗin riƙa su ya ishe ni."

Ka ga ƙofar tsira a buɗe, ko? Har da labule a ɗage. Ishaku ya dube ta ya bi ta taga.

"Ba wasawa ta kawo ni ba. Miƙe man su za ka yi."

"In yi mi?"

"Ka miƙe su. Dubi wanga, ya lanƙwashe kamar bayan tsohuwa. Dubi wancan, bakinai ya duƙa. Tsuhwa ta. In kai ma surukina kaya a karkace?"

Kamilu ya zauna a kan kututture. "Ishaku, kurfi in bai lanƙwashe ba, da mi za shi kwaso cikin turmi? Ka taɓa ganin miƙaƙƙen ludayi? Gizago kuma dole bakinai shi duƙa shi dubi mai shi, in ba haka ba ya za shi here icce?"

"Matsalarku ke nan, ku 'yan gargajiya. Kun gaji karkata kun ɗauka ado ta. Ni na ga na Bature da idona, sambal kamar layin makaranta."

"Na Bature mi? Kurfi?"

"Ƙarhe dai ai ƙarhe na."

"To hannuna ba shi cikin wanga zunubi. Ɗauki kayanka." Har Ishaku ya kai bakin ƙofa, tausayi ya kama Kamilu, ya ɗaga murya. "In dai ka nace sai ka sa su wuta, to da sun yi ja ka gama bugu, tsoma bakin cikin ruwa! In ka bari sunka huce da kansu, ƙarhen ya mutu, laushi za shi yi!"

Ishaku ya juyo yana girgiza kai don takaicin jahilcin mutane. "Ruwa? Abu da zahi a tsoma shi ruwa? Kamilu, ka san waya nawa ni ga ta mutu saboda ruwa? Tsaya ga zuga-zuginka, bar ma masu ilimi ilimi."

Washegari ya jira Yaya Umma ta fita da bokitin kunu. Ya cika murhunta da gawayi, ya jera ƙarafa. Ya yi fifita da faifai har hannu ya gaji, sai ya tuna shi fa Injiniya ne. Ya jawo janareta, ya jona fankar tsaye, ya saita ta a bakin murhu. Toka ta tashi ta rufe gidan, shanyar Yaya Umma ta koma ruwan kurciya, kaji suka yi hijira zuwa maƙwabta. Amma ƙarfe ya yi ja. Har gatarin, da babu inda ya karkace, shi ma ya jefa shi ciki, wai kada ya ga an nuna masa bambanci.

Da ya rasa inda zai ɗora ya buga, sai idonsa ya faɗa kan dutsen niƙan Yaya Umma, wanda ta zo da shi tun aurenta. Ya ɗora kurfi, ya ɗaga guduma, tim, tim, tim. Kurfi ya miƙe. Ya ɗora gizago, tim, tim. Gizago ya miƙe. A bugun ƙarshe dutse ya ce ƙas, ya rabu biyu. Ishaku ya haɗa ɓarin biyu ya kifa kwando a kai. Sannan ya binne ƙarafansa cikin toka mai ɗumi kamar dankali, ya rufe da tsumma, don su huce a hankali kada iska ta buge su.

Abin da Yaya Umma ta faɗa da ta ɗaga kwandon nan, ba zan rubuta shi ba, don wataƙila akwai mai alwala cikin masu karatu.

Saura ado. Ya kai su wurin mai injin wasa, aka yi ta gurza, tartsatsi na tashi, yana cewa a ƙara, har suka yi ƙyalli kamar cokali. Ya sayo fenti ruwan azurfa ya shafe su. Saura ƙota. Ya zaga gari yana duba marke da aduwa, duk ya ga a murɗe suke, ga nauyi. Da ya dawo gida sai ya ga abin da yake nema tsaye a bayan madafa: zogalen Yaya Umma. Miƙaƙƙe sambal, fari tas, ba nauyi, ga laushin yanka. Ko wuƙar yanka albasa ta ishe shi. Ya sare, ya yanka uku, ya cusa kawunan, ya naɗe da salatif ja da baƙi irin na wayar wuta.

Yaya Umma ta dawo ta tsaya a kan kututturen zogalenta. Wannan karon ba ta yi ihu ba. Ta gaji.

"Tsamiyata. Dutsena. Zogalena. Ishaku, Taiba kaka nema ko ni kaka son kora daga gidan ga?"

"Yaya, dubi aiki dai. Dubi!"

Ta duba. "To gwada ga wancan iccen girki mana, mu gani."

"Haba Yaya. Ana gwada rigar salla a gona? Fenti za shi kankare."

Ran Juma'a Ishaku ya sa shadda mai ɗaurin sitaci, ya ɗora baƙin tabarau, ya shirya kayan gado cikin jakar hannu irin ta ma'aikata, ya hau kabu-kabu da wuri don a je da rana a dawo da rana. Abin da bai sani ba, Baba Sambo ya kwana goma sha uku yana ba da labari. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji cewa jikan Sarkin Sassaƙa na Bakura yana nan zuwa da kayan mutanen da. Saboda haka da aka sauko daga masallaci, rabin Faru ba su wuce gida ba. Dattawa sun cika tabarmi. Matasa sun jingina babura sun hau kai. Mata sun jeru ta bayan katanga, kawuna kawai kake gani kamar tulunan da aka kife. Taiba tana cikin zaure, tana leƙe ta gefen asabari. Gungumen ƙirya kuwa an mirgino shi tsakiyar fili, baƙi, a murtuke, kamar ya san da maganar.

Wani mai hankali da ya ga taron nan da ya juya ya koma gida. Ishaku daɗi ya ji. Ya gaisa, ya tsuguna, ya buɗe jaka a hankali, ya jera kaya a kan tabarma. Rana ta haska fenti, har wani tsoho ya kare ido.



Baba Sambo ya duƙa ya daɗe yana kallo. Ya nuna na tsakiya da sanda. "Yaro, wanga mi na?"

"Gizago, Baba."

"To. Wanga hwa?"

"Kurfi."

"Kurfi." Tsoho ya maimaita a hankali kamar mai karɓar ta'aziyya. "Haka kakanka ya bar shi?"

"A'a Baba, ai a lalace ya bar su, dut a karkace. Ni na zamanantar da su."

Wani dattijo a gefe ya yi tari, tarin ya ƙi tsayawa, sai da aka buga masa baya.

"To bismilla," in ji Baba Sambo. "Ga icce."

Ishaku ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi kamar yadda ya ga ana yi, ya ɗauki gatari. Ya waiga wajen zaure don ya tabbata ana kallo. Ya ɗaga sama, ya ce, "A matsa baya, ɓaraguzai na tashi!" Ya sauke da dukkan ƙarfinsa.

Ƙirya ta ce ƙwal.

Girgizar ta bi hannunsa ta hau kafaɗa ta fita ta haƙora, tabarau ya yi tsalle ya faɗi. Aka matso a ga sara. Babu sara. Ɗan zanen fenti ne kawai a jikin gungume, kamar an shafa masa kwalli. Bakin gatari kuwa ya naɗe ya koma baya kamar leɓen raƙumi.

"Iccen ga bai nuna ba," in ji Ishaku.

"Shekararshi huɗu a yashe," in ji wani daga kan babur. "Ko a ƙara mai caji, Injiniya?"

Dariya ta fara tsiyaya ta bayan katanga. Ishaku ya yi kamar bai ji ba, ya jefar da gatari ya ɗauki gizago. "Wancan na share hage na. Ga mai aikin." Ya ja baya, ya ɗaga har yana tsayawa kan yatsu. Bai ma kai ga saukewa ba. Ɗanyen zogale, da ya kwana biyar yana bushewa yana motsewa a cikin salatif, ya ce ɓas. Kan gizago ya tashi sama yana walƙiya, jama'a suka watse ana salati, dattawa suka nuna ashe suna iya gudu. Ya juya sau uku a iska, ya dawo ya faɗa tsulum cikin ƙwaryar furar da aka kawo wa baƙi. Fura ta wanke gaban shaddar Injiniya tun daga wuya har gwiwa.

Ya tsaya da guntun zogale a hannu, nono na ɗiga daga haɓarsa.

"Saura kurfi," in ji shi, da wata 'yar siririyar murya.

"A'a," in ji Baba Sambo. "Bar wanga. Ya sha wuya haka nan. Miƙo shi."

Tsoho ya karɓa, ya zare ƙotar da yatsa biyu ya yar. Ya kankare fenti da farce. Ya shafa bayan ƙarfen, inda sawun masaɓar maƙerin farko yake har yanzu, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya rataya shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da zobensa. Ƙarfe ya ce ɗaf, kamar an bugi danƙo. Ya kama bakin da hannu ya ɗan matsa, abu ya tanƙwaru ba gardama.

Daga cikin zaure muryar Taiba ta fito, tana rawa don dariyar da take dannewa. "Baba, in ba a so a miƙo man. Za shi yi juyin masa."

Fili ya sake ɓarkewa. Tsoho ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Yaro, dube ni. Jikan masassaƙi ko cikin barci ba shi miƙe kurfi. Mi kakanka ya kasance?"

Ishaku ya dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa. "Dillali."

"Na mi?"

"Na jakkai."

"Madalla, sana'a ta. Waɗanga hwa, ina ka same su?"

"Kasuwar Mahwara."

"Yaushe?"

"Talata waccan. Yau kwana goma."

Baba Sambo ya gyaɗa kai. Ya ɗaga kurfin sama yadda na kan babura da na bayan katanga duk za su gani.

"Jama'a, ku shaida. Ƙarhen ga ƙirar mutanen da ta, ya girme ni. Ya ci ƙirya, ya ci kanya, masassaƙa sun mutu sun bar shi. Tsatsa ta samu shekaru tana cin shi, ba ta iya kashe shi ba. Wanga bawan Allah kwana goma kacal ya riƙe shi, ga gawa."

Ya juyo ya dubi Ishaku, ba fushi a fuskarsa, sai ma wani irin tausayi.

"To Injiniya, wanga ƙarhe na. Taiba da take nama da jini, kwana nawa kaka ganin za ta kai?"